Amsa ga mai tambaya kan Manjeshwar da ƙuri'a 89 ɗin nan

Assalamu alaikum Malam,

A gaban jama'a ka yi min tambaya, to bari in amsa maka a gaban jama'a. Kace tunda na zauna a Mangaluru lokacin karatu, in faɗa maka ko da gaske ne akwai wata mazaɓa a bakin teku can kudancin Indiya da Musulmi suka haɗa kai suka hana jam'iyyar Modi ci shekara da shekaru, har aka taɓa kayar da ita da ƙuri'a 89 kacal, sannan ka ɗora da cewa in haka ne me ya hana mu koyi da su. Maganar 89 gaskiya ce. Amma wanda ya baka labarin ya yanke masa kai da ƙafa, kuma abin da ya yanke ɗin ne yake damuna.

Sunan wurin Manjeshwar. Ita ce ta ƙarshe daga arewa cikin kujeru 140 na majalisar jihar Kerala, tana gundumar Kasaragod a gaɓar Tekun Larabawa, kana wuce shingen Talapady ka shiga jihar Karnataka, Mangaluru kuwa nan kusa ce. Mutanen masunta ne da manoman kwakwa da 'yan kasuwa, ga kuma ɗimbin masu aiki a Dubai da Saudiyya. Yare kuwa sai wanda ka ji, Malayalam, Tulu, Kannada, Beary, Konkani, Marathi, Urdu, shi yasa suke wa yankin kirari da mahaɗar harsuna bakwai. A 1956 da aka sake yanka jihohin Indiya bisa yare aka jefa su cikin Kerala, da yawansu basu so ba, sun fi son a bar su da masu Kannada. A zaɓen farko na 1957 wani ɗan indifenda M. Umesh Rao ya shiga majalisa ba hamayya. Kaga rigimar farko ma ta yare ce da iyaka, addini bai shigo ba tukuna. Daga 1970 kujerar ta koma hannun 'yan kwaminis na CPI, suka riƙe ta har 1987.

A 1987 ɗin ne Cherkalam Abdullah na jam'iyyar Muslim League ya ci, ya sake ci a 1991 da 1996 da 2001, har ya yi minista. Kuma daga wannan shekarar zuwa 2021 BJP, wato jam'iyyar Modi, ce ke zuwa ta biyu a duk zaɓen da aka yi, ko sau ɗaya bata faɗo ta uku ba. A 1991 ma babban jigonsu K.G. Marar da ƙuri'a dubu ɗaya da 'yan kai ya sha kaye.

To ga abin da ba'a faɗa maka ba. Siyasar Manjeshwar murhu ce mai duwatsu uku, League da alamarta ta tsani, BJP da furen bado, 'yan kwaminis da guduma da lauje. League bata taɓa tsayawa ita kaɗai ba, tana cikin ƙawancen UDF ne tare da jam'iyyar Congress, kuma Congress bata tsayar da kowa a wannan kujerar, don haka Hindu da Kirista masu bin Congress tsani suke dangwalawa. Sannan su kansu Musulmin ba duka ke bin League ba wallahi, akwai masu bin kwaminis tun iyaye da kakanni. Hujjata 2006. A shekarar mutane sun gaji da Cherkalam, C.H. Kunhambu na CPI(M), wata jam'iyyar 'yan kwaminis, ya ci zaɓe, BJP ta zo ta biyu, shi Cherkalam mai zango huɗu ya faɗo na uku. Da haɗin kan addini ne zalla yake aiki ai wannan ba zai faru ba.

2011 League ta dawo, ta tsayar da P.B. Abdul Razak, ya kayar da K. Surendran na BJP da tazarar 5,828. Bayan shekara biyar suka sake karawa, nan ne labarinka ya faru. Razak 56,870, Surendran 56,781, Kunhambu 42,565. Dan Allah ka dubi lambar nan ta uku da kyau, mutum dubu arba'in da biyu ne suka zaɓi wani daban, da ɗari ɗaya daga cikin waɗanda suka ba Razak sun koma wajen Kunhambu shikenan an gama. Akwai kuma wani ɗan indifenda K. Sundara, sunansa ya yi kama da na Surendran sosai, ya samu 467, 'yan BJP suka ce ƙuri'unsu ne suka ɓace can. A wannan shekarar dai BJP ta samu kujerarta ta farko a tarihin majalisar Kerala, amma a Nemom can kudu.

Surendran ya tafi babbar kotun jiha yace an yi ƙuri'un bogi da sunan matattu da waɗanda ke ƙasashen Larabawa ranar zaɓe. Aka yi ta aika sammaci, har aka samu wanda aka lissafa cikin matattu ya zo kotu da ƙafarsa. Ana cikin shari'ar Allah ya yi wa Razak rasuwa a Oktoban 2018, kujera ta zauna ba kowa kusan shekara guda saboda ƙarar na nan, sai da Surendran ya janye ta sannan aka yi zaɓen cike gurbi a Oktoban 2019. M.C. Kamaruddin na League ya ci da 7,923. Shekara ɗaya bayan nan aka kama shi kan zargin kuɗin mutane da suka zuba a wani kamfanin gwal da yake shugabanta, kuma yawancin masu kukan mutanensa ne, har da masu guminsu na ƙasar waje. Wannan ya yi min ciwo sosai. In jam'iyya ta san tsoron abokin hamayya zai sa a zaɓe ta ko wa ta tsayar, sakaci take yi wajen tsayarwa.

A 2021 sai suka ɗauko ɗan gida, A.K.M. Ashraf, mai jin yarukan yankin, da Kannada ma ya yi rantsuwar kama aiki. Surendran lokacin shine shugaban BJP na jihar, ya tsaya a mazaɓa biyu, Manjeshwar da Konni, yana zirga-zirga tsakaninsu a helikwafta. Sakamako, Ashraf 65,758, Surendran 65,013, tazara 745. Ɗan kwaminis V.V. Rameshan 40,639. Wato in aka kwatanta da 2016, manyan biyun kowa ya ƙaru da sama da dubu takwas, na ukun ya ragu da kusan dubu biyu, kai ma ka yi lissafin inda 745 ta fito. Shi kuma Sundara ya sake fitowa a wata jam'iyya mai suna BSP sannan ya janye, daga baya ya ce an bashi rufi 250,000 na kuɗin Indiya da waya don ya janye, Surendran ya musanta, magana ta tafi kotu.

Kace me ya hana mu koyi. Abin koyi akwai, ba zan hana ka ba. Magoya bayan League da ke ƙasashen Larabawa har kuɗin jirgi suke haɗawa mutum ya dawo gida ya yi zaɓe, suna bin rajistar masu zaɓe gida gida, kuma sun iya zama da wanda ba addininsu ɗaya ba shekara da shekaru ƙawance bai watse ba. In wannan kake nufi ina tare da kai. In kuwa nufinka mu ma a ce kowa ya bi ɗan addininsa, to ka sani shine ainihin abin da BJP ke nema a can, don a 2016 mutum arba'in da biyar kawai take buƙata su sauya daga tsani zuwa bado.

Sannan kar ka manta da abin da mutanen suka samu bayan duk wannan kokawar. A 2020 lokacin korona Karnataka ta rufe shingen Talapady, marasa lafiya da dama suka mutu saboda an hana su isa asibitocin Mangaluru, don a ɓangarensu babu babban asibitin da zai karɓe su. A Enmakaje kuma, cikin wannan mazaɓar dai, akwai yaran da aka haifa da nakasa a ƙauyukan da aka yi shekaru ana fesa maganin ƙwari na endosulfan daga sama kan gonakin kashu. Duk lokacin da aka zo kamfen waɗannan maganganun sai su koma baya, a koma tambayar wa zai tare BJP. Ni da zan samu ɗan majalisar Manjeshwar a gabana, maganar asibitin zan fara yi masa.

Wassalam.