Hukuncin da jarida ta riga kotu yankewa a littafin Josephine Tey

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon shafinku na adabi ya ba da fili ga littafin The Franchise Affair, wanda Josephine Tey ta fitar a 1948, domin abin da ke cikinsa ya shafi aikin jarida kai tsaye.

Labarin ya gudana ne a Milford, wani ƙaramin gari da marubuciyar ta ƙirƙira a Ingila. Wata yarinya 'yar shekara 15, Betty Kane, ta ɓace kusan wata guda, da ta dawo da raunuka a jikinta sai ta ce Marion Sharpe da mahaifiyarta ne suka kulle ta a ɗakin saman gidansu, suna dukanta don ta yarda ta yi musu aikatau. Ta siffanta gidan dalla-dalla, har da zagayayyiyar tagar ɗakin. 'Yan sanda sun dakata saboda ƙarancin hujja, amma da jaridar Ack-Emma ta buga hoton Betty a shafin farko sai jama'a suka farfasa tagogin matan, kuma kafin a gama shari'a aka banka wa gidan wuta. Ashe daga saman bas mai hawa biyu Betty ta hango harabar gidan, kwanakin kuwa a Copenhagen, babban birnin Denmark, ta yi su tare da wani magidanci, kuma mai otal ɗin da suka sauka ya gane ta ne ta hoton nan na jarida.

Tushen labarin shari'ar Elizabeth Canning ce, 'yar aikin da ta yi irin wannan zargi a Landan a 1753, aka yanke wa Mary Squires, matar da ta zarga, hukuncin kisa kafin a yi mata afuwa, ita kuma Canning aka same ta da laifin rantsuwa kan ƙarya a 1754.

Sai dai ina fatan mai sharhin ba zai kawar da kai daga son zuciyar marubuciyar ba. Ta nuna kamar Betty ta gaji ƙarya ne daga uwarta, matan biyu kuwa lauyansu Robert Blair ya gaskata su tun kafin hujja ta bayyana, saboda ya ga alamar 'yan babban gida a tare da su. Tarihi bai yanke wa Canning hukunci da wannan sauƙin ba, domin har yau masana suna saɓani a kan inda ta yi waɗannan kwanaki.

Naku,
Mai karatu daga Zariya