Malamai da akwatin zaɓe: a dubi Senegal

Ya Edita,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka ba ni ɗan fili in sa baki a muhawarar da ake ta yi a shafukanku kan ko ya dace malamai su shiga siyasa. Na lura masu rubutu suna yawan kawo misalin Iran da Saudiyya da Turkiyya, amma ban ga wanda ya ambaci Senegal ba, alhali tana nan yankinmu, kuma dubban mutanenmu suna zuwa Kaulaha Maulidi kowace shekara. Tun da Sarkin Kano Abdullahi Bayero ya haɗu da Shehu Ibrahim Inyass a Makka a 1937 hanyar nan ba ta mutu ba. Ni ma Allah ya nufe ni da zuwa, kuma abin da ya tsaya mini a rai bayan zikiri da ziyara shi ne yadda mutanen ƙasar suke tafiyar da addini da mulki.

Fiye da kashi 90 cikin ɗari na mutanen Senegal Musulmi ne, mafi yawansu 'yan ɗariƙa, ko Tijjaniyya ko Muridiyya ko Ƙadiriyya. Duk da haka shugabansu na farko, Léopold Sédar Senghor, Kirista ne ɗan Katolika, ya mulke su daga 1960 har ƙarshen 1980, sannan ya sauka da kansa. Manyan shehunnai ne suka riƙe masa ƙafa. Halifan Muridiyya na lokacin, Serigne Fallou Mbacké, amininsa ne, kuma Senghor yana wurin ranar da aka buɗe babban masallacin Tuba, cibiyar Muridiyya, a 1963. Tsarin mulkinsu ya haramta kafa jam'iyya a kan addini ko ɗariƙa ko ƙabila ko yanki. Har yau soja bai taɓa kifar da gwamnati a ƙasar ba, abin da maƙwabtanta kusan duka ba za su iya faɗa ba.

Ba zan ɓoye cewa akwai ciniki a cikin wannan zumunci ba. A zamanin Turawan Faransa da farkon mulkin kai arzikin ƙasar gyaɗa ce, kamar yadda Kano ta taɓa tunƙaho da dalar gyaɗa, kuma manyan gonakin suna hannun shehunnai, muridai ke nome su. Gwamnati na ba da filaye da bashi da iri, shehunnai kuma su kawo ƙuri'un ƙauye. Da firaminista Mamadou Dia, wanda Musulmi ne, ya so ya kafa ƙungiyoyin manoma da za su rage ƙarfin dillalai da manyan masu gona, sai rikici ya ɓarke tsakaninsa da Senghor a Disamban 1962. Manyan shehunnai suka tsaya bayan Senghor, Dia ya tafi kurkuku bai fito ba sai 1974. Duk lokacin da na tuna wannan sai raina ya sosu, domin ina ganin Dia talaka yake wa faɗa.

Amma inda nake so masu karatu su tsaya su yi nazari shi ne abin da ya faru daga 1988. A harshen Wolof akwai kalmar ndigël, wato umarnin da shehu ke bai wa muridinsa, wanda ba a musu da shi. A zaɓen wannan shekara Halifan Muridiyya, Serigne Abdoul Ahad Mbacké, ya ba da ndigël a fili cewa a zaɓi shugaba mai ci, Abdou Diouf. Diouf ya ci, amma Dakar ta kama da wuta, aka kafa dokar ta-ɓaci, aka tsare madugun adawa Abdoulaye Wade, wanda shi kansa muridi ne. Matasa da yawa da ke fama da rashin aiki da tsadar rayuwa suka ji an yi amfani da biyayyarsu a inda ba muhallinta ba. Gidan Tuba ya fahimci ciwon. Serigne Saliou Mbacké, da ya zama halifa a 1990, bai ba da umarnin zaɓe ba a 1993, bai bayar ba a 2000. A shekarar 2000 ɗin Wade ya kayar da Diouf, jam'iyyar da ta yi shekara 40 tana mulki ta miƙa ragama lafiya lau. A 2012 wani sanannen shehin Muridiyya, Béthio Thioune, ya umarci mabiyansa su zaɓi Wade, amma Macky Sall ya lashe zagaye na biyu da fiye da kashi 65 cikin ɗari.

Kada wani ya ɗauka mutanen sun daina girmama shehunnansu. Duk 18 ga watan Safar miliyoyi ne ke cika Tuba don Magal, tunawa da ranar da Faransawa suka kama hanyar kai Shehu Ahmadu Bamba, wanda ya kafa Muridiyya, gudun hijira Gabon a 1895. Mutumin da zai durƙusa ya sumbaci hannun shehinsa, ya ba da hadiyya daga guminsa, shi ne zai shiga rumfar zaɓe ya dangwala wa wanda ransa ya kwanta da shi. Janyewar da halifofi suka yi daga yaƙin neman zaɓe ita ta ƙara musu kwarjini. A Maris ɗin 2021, da zanga-zanga ta ci rayuka bayan kama ɗan adawa Ousmane Sonko, Halifa Serigne Mountakha Mbacké ya aika wakilai, 'yan adawa suka ɗage gangamin da suka shirya saboda girman bakinsa. Da an san shi da wata jam'iyya, wa zai saurare shi a ranar? Haka kuma a 2024, da Macky Sall ya ɗage zaɓe, majalisar kare tsarin mulki ce ta soke matakin, aka yi zaɓe ranar 24 ga Maris, Bassirou Diomaye Faye da bai fi kwana goma da fitowa daga kurkuku ba ya ci tun zagayen farko. Bayan rantsar da shi ya je Tuba da Tiwawan, wata babbar cibiyar Tijjaniyya, ya gai da halifofi ya nemi addu'a.

Na san Najeriya ba Senegal ba ce. Mu muna da Kiristoci masu yawan gaske, kuma Musulminmu ba su tattaru a ƙarƙashin halifofi ƙalilan ba. Su ma mutanen Senegal suna da nasu tabon, domin yara almajirai masu bara a titunan Dakar ba su da bambanci da namu, kuma gwamnatoci sun sha jin nauyin taɓa batun. Sai dai abin da muka gani a zaɓen 2023, lokacin da aka mai da mumbari dandalin kamfen a kan tikitin Musulmi da Musulmi, ya isa ya sa mu tambayi kanmu. Bayan an cire tallafin man fetur, abinci ya yi tsada, na ji da kunnena matasa suna zagin malaman da a da ba sa iya haɗa ido da su. Wannan ya fi komai ɗaga mini hankali, domin ranar da fitina za ta taso muna bukatar mai rawanin da kowane ɓangare zai ji maganarsa. Malami ya faɗa wa mai mulki gaskiya, ya yi sulhu, ya koya wa jama'a siffofin shugaba nagari. Amma ya bar wa mutum ƙuri'arsa, tunda shi zai sha daɗinta ko wuyarta.

Roƙona gare ka, ya Edita, idan Maulidi ya zo ka tura wakilinka tare da ayarin masu zuwa Kaulaha, ya ƙarasa Tuba da Tiwawan, ya zauna da malamai da matasan can ya tambaye su yadda aka yi bayan 1988, ya kawo mana amsarsu da bakinsu.

Wassalam.

Mai karanta jaridarku kullum,
daga Kano