Abba, Ka Saurari Kod Kafin Ka Taɓa Tsirkiya

Gwammaja, Kano.

Abba,

Bayan gaisuwa. Mahaifiyarka tana gaishe ka, ƙafar ta yi sauƙi. Kawunka ya nuna mini bidiyon wasan da kuka yi a Abuja. Sau uku na kalla, daren nan ban yi barcin kirki ba.

Hannunka ya yi sauri, babu gardama. Amma kusan duk kiɗan buluz ɗin kana tsugune a gaɓa ta 5 ta wuyan jita, kana zagaya sautukan A, C, D, E, G, kamar ba ka ji mai jitar bes ya sauya kod ba, wato rukunin sautukan da kiɗan ke tafiya a kai. Na san dalili. Wannan jerin sautin, wato sikel ɗin maino mai sauti biyar, ba ya kunyata mutum a kan kod ɗin A7, D7 ko E7, kuma kunnenmu ya saba da irinsa tun daga kukuma da garaya. Haɗarinsa ke nan: yana barin mutum ya yi ta kiɗa bai saurari kowa ba.

Zagayen buluz zango 12 ne, ka ƙirga su. Huɗun farko na A7 ne, nan sikel ɗin mejo mai sauti biyar ke zama daram: A, B, C#, E, F#. Jerin yatsun bai canza ba, ka dai ja baya zuwa gaɓa ta 2. Amma da D7 ta shigo a zango na 5, ka saki C# nan take. Kod ɗin tana ɗauke da C, rabin taki ne tsakaninsu, wato gaɓa ɗaya, dole su yi karo. Sau ɗaya da ka leƙa mejo, a nan ka riƙe C#, na ga mai fiyano ya ɗago kai ya dube ka. Kai ko a jikinka. Ka sauko C, ko ka faɗa kan F#.

A zango na 9, E7 tana neman G#, B ko D. In yatsanka na kan G, tura tsirkiyar sama rabin taki. C ma a kan A7, ɗan tura ta kaɗan, kada ta kai C#. Daɗin buluz a tsakanin nan yake. Eb kuwa gishiri ce. Ka bi ta kanta daga D zuwa E, ba a zama a kanta.

Kullum minti 20, metironom, na'urar ƙirga bugu, a 60, sauti biyu kacal ga kowace kod: C# da G, sai C da F#, sai D da G#. Kada ka ƙara komai sai ka iya jin zagayen kod ɗin babu mai raka ka.

Abba, kunnenka nake tsoro. Yatsa in ya yi nauyi ana gyara shi cikin wata guda, amma kunnen da ya saba da rashin saurare shekaru yake ci. Shugaban makaɗa ba zai ce maka komai ba, waya kawai za ta daina shigowa, ga kuɗin haya a garin da ba ka da kowa. Ba don haka na tsaya maka ranar da aka taru a zauren Baffa ba. Na sha magana a unguwar nan saboda jitar nan, ban kuma yi nadama ba, amma ba zan yarda da ganganci ba.

Na san ka gaji, dare kuke rabawa. Ka ɗauki zagaye biyu a waya, a hankali, ka turo mini kafin Juma'a. Akwai kilishi da yaji a hannun kawunka. Allah ya yi maka albarka.

Mahaifinka.