Wasiƙa daga Bur Sudan zuwa Yawuri

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Aminina, bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kana lafiya, kai da maiɗakinka da yara. Ya ruwa, ya kasuwar banda? Mu nan sai godiya. Zafi ne da ɗaukewar wuta, sai kuma addu'ar Allah Ya kawo ƙarshen wannan yaƙi. Hajiya tana gaishe ka, ƙafar ta yi sauƙi har tana fitowa tsakar gida.

Saƙonka ya iso, na kuma ji daɗin labarin Rigata. Amma akwai maganar da ka yi wadda ta tsaya mini a rai, inda ka ce da shugaban ƙasa zai riƙa zuwa hutu a ɗaya daga cikin gungunanku, a gina masa masauki, da Yawuri ta warke daga talauci, har ka ce wasu dattawa suna shirin kai wannan roƙo sama. Ban raina burinku ba, wallahi. Na san mutumin da ya gaji da ganin asibiti ba magani dole ya nemi duk ƙofar da za ta sa manya su waiwayo shi. Sai dai na rayu da kifin Sawakin, tsohuwar tashar jiragen ruwa mai tsibiri a gaɓar Bahar Maliya nan Sudan, na ga yadda zuwan babba yake faɗa wa mutumin ruwa, shi ya sa ba zan yi shiru ba.

Garin tudu idan an tare hanya ɗaya, sai a zaga ta wata. Tsibiri ba shi da zagaye. Mashiga ɗaya ce, ko gada ko mafita, kuma ita ce abu na farko da masu tsaron shugaba za su kama. Daga nan sai su shata ruwa, su ce daga wuri kaza zuwa wuri kaza kada a ga kwale-kwale. Su a wurinsu ruwa fili ne da babu kowa a ciki. Ba su san cewa a nan gonar mutane take ba.

Kafin yaƙi wani babba daga Hartum ya zo shan iska a gaɓar da ke kusa da Sawakin, shi da iyalinsa da ayarinsa. Babu wanda ya sanar da masunta. Da asuba na je inda nake karɓar kifi, na tarar da dattijon da muka daɗe muna ciniki zaune a bakin hurinsa, wato ɗan kwale-kwalensa. Tun daren jiya ya ci bashin fetur, ya sayi ƙanƙara, ya kama ƙananan kifin da zai sa a ƙugiya. Yana tura jirgi ruwa sai ga masu kaki a jirgi mai inji, suka ce ya koma, ba fita sai baƙo ya tashi. Rana ta ɗaga, ƙanƙarar tana narkewa a akwati, ruwan yana ɗiga ta tsakanin katako yana shiga yashi. Ƙaramin ɗansa yana tsaye riƙe da jabana, wato butar gahawa, da ƙananan kofuna, yana kallon uban, yana jiran a ce masa ya hau. Dattijon bai zagi kowa ba. Lissafi kawai yake yi a yatsu, na mai fetur nawa, na mai ƙanƙara nawa. Ni ma na koma Bur Sudan da mota wayam, amma ni ina da ɗan abin da zan jingina da shi. Shi abin da ya kamo ranar shi ake dafawa ranar.

Ba zan ɓoye maka ba, akwai waɗanda suka samu. An share titi, tankar ruwa ta shigo unguwar da ta daɗe ba ta gan ta ba, an sayi raguna, wanda aka ba kwangilar kawo kifin najil da sha'ur ya sayar da tsada. To amma duba su wane ne: mai mota, mai firji, mai ɗan'uwa a ofis. Ayarin shugaba da masu dafa abincinsa yake zuwa, ba ya tsayawa wurin mai shayin bakin tasha.

Kada ka ce wannan halin ƙasashenmu ne kawai. Ɗan ƙanwata da ke Boston ya yi aikin bazara a wani tsibiri na jihar Massachusetts mai suna Martha's Vineyard, inda Bill Clinton ya riƙa hutu, Barack Obama ma ya riƙa zuwa a watan Agusta tun 2009, in ban da 2012 da yake neman zaɓe. Tsibirin ba shi da gada, sai jirgin fito na kimanin minti 45 ko jirgin sama. Mazaunansa na dindindin wajen dubu 20 ne, da bazara kuwa baƙi su ninka su sau da yawa. Ya ce mutanen wurin da dama suna son Obama da gaske, musamman baƙaƙen fata na garin Oak Bluffs da suka gaji hutu a can tun kakanni, kuma gidan abinci ko kantin littattafan da ya shiga sai kasuwarsa ta buɗe. Amma duk zuwansa sai a taƙaita tashin jirage a sararin tsibirin, masu ƙananan jiragen da ke ɗaukar baƙi yawon kallo su rasa ciniki a watan da suka fi samu. A 2013 gidan da ya kama a Chilmark yana dab da titi, aka rufe wani yanki na titin, mai aikin famfo da mai kai kaya suka koma dogon zagaye.

Abin da ya fi damun yaron shi ne gida. Sunan tsibirin ya ƙara tashi, masu kuɗi suka yi ta saye, yanzu matsakaicin gida ya haura dala miliyan ɗaya. Ba shugabanni kaɗai suka jawo haka ba, amma sun ƙara wa wutar itace. Ya ce akwai malaman makaranta da ma'aikatan jinya da suke haya da sanyi, bazara na zuwa mai gida ya ce su tashi zai ba baƙo da kuɗi mai tsoka. Shi kansa a ɗaki guda suka cunkushe da wasu 'yan Burazil. Wannan fa a ƙasar da mutum zai rubuta ƙorafi a jarida ya kwana a gidansa.

Mu ma mun ɗanɗana irinsa. Da yaƙi ya ɓarke a Afrilun 2023 gwamnati ta tare a Bur Sudan, da ma'aikatu da ofisoshin jakadanci da ƙungiyoyin agaji, ga kuma masu gudun hijira. Kuɗin haya ya yi tashin gwauron zabo, wasu masu gidaje suka koma neman dala. Wanda aka haifa a unguwa ya kasa biyan ɗaki a cikinta. Wannan ba hutu ya kawo su ba, larura ce, amma ya nuna mini abin da ke faruwa idan manya suka sauka a ƙaramin wuri.

Sai maganar alkawari. Ka san Sawakin, ta nan kakanninmu da suka tako daga ƙasar Hausa suke tsallakawa Jidda. Tun da Ingilishi suka buɗe tashar Bur Sudan a 1909 ciniki ya ƙaura, gidajen murjani na tsibirin suka yi ta zubewa. A Disamban 2017 shugaban Turkiyya Erdogan ya zo tare da Umar al-Bashir, suka zaga kangayen, aka sanar cewa Turkiyya za ta farfaɗo da tsibirin. Har Masar sai da hankalinta ya tashi. A Maris na 2018 Sudan ta sa hannu da Ƙatar kan gyaran tashar jirgi na dala biliyan 4. Gaskiya Turkawa sun gyara masallacin Hanafi da na Shafi'i da tsohon gidan kwastan, aiki mai kyau, na yi salla a ciki. Amma a Afrilun 2019 al-Bashir ya faɗi, manyan maganganun suka bi shi. Mutanen Gef, wato garin da ke tudu a ƙetaren gadar, har yanzu ruwan sha saye suke yi a jarka. Kuma kangayen nan suna da masu su, iyalai ne da takardunsu, amma a talabijin aka yi ta maganar tsibirin kamar ba na kowa ba. Ganin Dala ba shiga birni ba ne, aminina.

Ku kuwa ba sai an ba ku labari ba. Madatsar Kainji ta 1968 ta tashi mutum sama da dubu 40, ruwa ya cinye tsohuwar Busa da gungun Foge. Tsofaffin Gungawa da suka ga wannan da idonsu suna nan da rai, su ya kamata a fara tambaya.

Saboda haka in har dattawan sun dage, roƙona ka shiga taron ka yi magana. A zauna da sarkin ruwa da masu fito da matan da ke banda, ba 'yan kwangila kaɗai ba. A rubuta cewa za a sanar da zuwan baƙo tun da wuri, don kada mutum ya ci bashin mai a banza. A bar mafita ɗaya a buɗe ko da wane ne ya sauka, saboda mai naƙuda da ɗan makaranta. Duk ranar da aka hana kamun kifi a biya masunta, kuɗin ya shiga hannunsu kai tsaye. Filin da za a gina masauki a ba da shi haya, kada a sayar, kada kuma a taɓa maƙabarta da wurin shanya taru. In an ƙi sa hannu kan waɗannan tun ana neman yardarku, ba za a sa ba bayan an kafa shinge.

Ka sanar da ni ranar taron da abin da aka yanke. In ka samu mai tahowa Umara ta Jidda, ka aiko mini da daddawa da kuka, ƙanina da ke can zai sa a jirgin Sawakin. Ka gaida Inna da kyau, ka ce tana cikin addu'armu, ka shafa mini kan takwarana.

Wassalam.

Naka har kullum,
amininka na Bur Sudan