Likita, shin abincin maigidana na da hannu a damuwarsa?

Assalamu alaikum, Likita. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina neman shawararka ne a kan maigidana, ɗan shekara 46, wanda halin da ya shiga tun bara yake tayar mini da hankali. Mutum ne mai raha a da, amma yanzu ya ƙaurace wa majalisa, barci ya gagare shi, kullum yana kukan faɗuwar gaba da zullumi ba gaira ba dalili. A asibiti an ce ciwon damuwa ne haɗe da fargaba, aka rubuta masa magani, sai ya ƙi sha don gudun kada a ce ya taɓu, dangi kuma suka dage cewa sammu ne.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne cimarsa. Tun da ya koma wuni a kasuwa, karin kumallonsa shayi ne mai sukari da burodi, da rana fanke da lemon kwalba, goro kuwa ba ya barin bakinsa har dare, ga shi na ji cewa sinadarin kafeyin da ke cikin goro da shayi yana ƙara bugun zuciya, yana kuma hana barci. Idan na kawo tuwon dawa da miyar zogale, sai ya ce ba ya jin ci.

Na karanta cewa a 2017 masu bincike a Ostireliya sun fitar da sakamakon gwaji a kan mutum 67 masu ciwon damuwa. Bayan mako 12, kusan kashi ɗaya bisa uku na waɗanda aka mayar kan ganye, wake, kifi, man zaitun da hatsi mai dusa sun samu sauƙi sosai, alhali a rukunin da ba a sauya musu abinci ba kashi 8 cikin 100 ne kawai. Sai dai akasarinsu suna karɓar magani a lokacin, shi ya sa ban yarda abinci kaɗai zai wadatar ba.

Likita, rashin cin abinci mai kyau ne ya jawo masa ciwon, ko kuwa ciwon ne ya kashe masa sha'awar ci? Da tsadar nan, kifi kullum da man zaitun sun fi ƙarfinmu, ko wake, gyaɗa, alayyafo da fura da nono za su maye gurbinsu? Don Allah ka nuna mini yadda zan lallashe shi ya rage goro, ya kuma karɓi maganinsa, ba tare da ya ji na raina shi ba.

Wassalam,
Wata mai sauraro daga Zariya