Ƙungiya ashirin ta ishe mu tukuna

Salamu alaikum mutumina,

Da fatan kana lafiya, ya iyali, ya sanyin Amurka? Mu nan Kano lafiya lau, ƴan majalisa duk suna gaishe ka.

Na ji saƙon muryar da ka turo kan MLS, babbar gasar ƙwallon ƙafa ta can wajenku, yadda suka kai ƙungiya 30 da shigowar San Diego a 2025, sun raba gabas da yamma, kuma ba mai faɗuwa ƙasa. Kace me zai hana NPFL, babbar gasarmu ta Najeriya, tai haka kowace jiha ta samu tata. Wallahi kwana biyu ina juya maganar nan a raina, kuma gaskiya ban yarda da kai ba.

Kaga mu yanzu ƙungiya 20 ce, wasa 38, huɗu su sauka NNL, gasar da ke ƙasa da ita, huɗu su hau. Wannan ɗin ma da kyar ake kaiwa ƙarshen kaka, kuma ba komai ke kashe mu ba sai hanya. Su can jirgi suke hawa, namu a bas ɗan wasa zai taso daga Maiduguri har Fatakwal ko Aba. Akwai ranar da na tsaya bakin ƙofar filin wasa a Ƙofar Mata na ga ƴan wasan baƙi suna saukowa daga mota, wani yaro takalminsa a hannu, ƙafa ta kumbura suntum saboda zama, yana ɗingishi, kuma washegari ƙarfe huɗu za a ce ya buga minti 90. Ka tuna 2015 da ƴan bindiga suka buɗe wa motar Kano Pillars wuta a hanyar Lokoja za su Owerri? To in aka ƙara ƙungiyoyi tafiyar ce za ta ƙaru, kuɗin mai da otal da albashi kuma yawancinsu daga aljihun gwamnatin jiha suke fitowa, gwamna in yana son ƙwallo a sha daɗi, in aka canja gwamnati yara su yi wata da watanni suna jiran alat.

Maganar raba gida biyu kam ina tare da kai rabi. An gwada a 2023, goma goma, aka ƙare da Super 6, wato zagayen ƙungiyoyi shida da suka fi, a Legas Enyimba ta ɗauka, sai dai ba bisa yanki aka raba ba, El-Kanemi ta Maiduguri da Akwa United ta Uyo rukuni ɗaya suke, kaga tafiyar na nan. In za a yi a yi arewa da kudu sosai. Amma abin da ke damuna, shikenan sai a shekara Rangers ko Enyimba basu zo filin Sani Abacha ba? Ai wannan ranar ce filin ke cika tun azahar, ana Sai Masu Gida har muryarka ta dishe. Ni bazan so a raba mu da wannan ba.

Batun hana faɗuwa kuwa ka bar shi can wajenku. Pillars mai kofi huɗu, 2008, 2012, 2013, 2014, ta faɗi a 2022, ranar ko abinci ban iya ci ba, amma tsoron faɗuwar nan shine ke sa wasan ƙarshen kaka yai zafi, kuma ta wannan ƙofar ta hawa da sauka Barau FC ta hau a 2025 har muka samu ƙungiya biyu a Kano.

Abin da nake so a faɗaɗa shine masu zuba kuɗinsu. Dubi Remo Stars, ta Kunle Soname, filinsu nasu a Ikenne, suna da makarantar rainon yara, suka ɗau kofi a 2025. A samu irinsu biyar a arewa, a gyara filaye, a kare alƙalan wasa yadda baƙo zai ci wasa a waje ya fita lafiya, sannan mu zauna maganar ƙari.

In za ka zo da sallah ka faɗa min da wuri, in akwai wasa a gida tare za mu shiga. Ka gaida madam da yara.

Naka,
abokin zamanka na Ƙofar Mata