Na yi wa Tsohuwa kishiya

Assalamu alaikum mutumina,

Ya sanyin Ingila, ya iyali da yara? Mu ma nan Jos hunturu ya sauka, da asuba sai mutum ya yi ta maza kafin ya taɓa ruwan alwala.

Zauna da kyau kafin ka karanta, don na san sai ka zage ni. Na canza mashin. Eh, Tsohuwa dai da ka sani, Africa Twin 750 ɗin nan da muka je Yankari a kanta kana bayana kana salati tun daga Toro har Bauchi. Shekara goma sha ɗaya ina kanta, ba ta taɓa kwanar da ni a daji ba, amma ni ne na tsufa ba ita ba. Kwanaki na dawo daga Abuja ta Akwanga, na tsaya wajen Hawan Kibo in sha ruwa, ina sa ƙafa ƙasa ashe tsakuwa ce a gurin, ka san tsayinta, kawai sai ta kwanta min a hankali kamar raƙumi, na yi na yi in ɗaga ta bayana ya ce bai san zancen ba, sai da wasu samari masu saida dankali da tumatir suka zo suka ɗaga min suna ta sannu Baba, sannu Baba. Wallahi Baban nan ya fi faɗuwar yi min ciwo.

Ga kuma kayan gyara. Tun 2003 aka daina ƙera irinta, abu kaɗan in ya ci sai in zaga kasuwar Dilimi kaf ban samu ba, sai dai in sa a nemo min daga Legas in zauna jira.

To Suzuki V-Strom 650 na ɗauko, tokunbo, amma fes take. Kujerarta ta fi ƙasa, ƙafata biyu na taka ƙasa sosai. Ba kafireta, injekta ce, da safe duk sanyin nan ina taɓa maɓalli ta tashi, amma har yau hannuna na zuwa laluben cok kamar wani sabon shiga. Giya shida ce ba biyar ba, sati na farko na manta da ta shidan gaba ɗaya, na je har Mangu injin na ta kuka ina cewa wannan wace irin hayaniya ce. Mai kuma gaskiya ta fi tausayina, tun da aka cire tallafi a 2023 ai kowa lissafin lita yake yi.

Amma kar ka ce na yabe ta duka. A kwalta ba magana, kwanar Hawan Kibo kamar tana karanta zuciyata, ga birkin ABS mai hana taya cijewa in ka taka da ƙarfi. Sai dai da na sauka kan burji ta wajen duwatsun Shere na ji bambanci, tayar gabanta inci 19 ce, ta Tsohuwa 21, ramin da da ko kallonsa ba na yi yanzu sai na ji shi har cikin haƙorina. Kuma sautin, kai, babu wannan gurnanin da maƙwabta ke ganewa tun ina kan kwana.

Ban saida ta ba fa. Wani yaro daga Bukuru ya zo sau biyu da kuɗi a hannu, na ce ya dawo, da ya dawo na sa aka ce ba na nan. Tana nan a gareji na rufe ta da tamfol, duk Juma'a in na dawo masallaci ina tada ta ta ɗan yi ɗumi. Madam ta ce tunda na yi wa uwargida kishiya to in raba kwana, kar a kama ni da rashin adalci.

In ka shigo da babbar sallah ka zo da hular kwanonka, kai ka hau Tsohuwa tunda ka fi ni tsawo, mu gangara Pankshin. Kuma don Allah ka duba min safar hannu mai kauri a can, girman L.

Ka gaida madam da yaran.

Naka,
mutuminka na Jos